Gurbin Malam a Tabarmar Yaya

Jikata ce ta tayar min da wannan magana. Tana karatun lauya, kuma tun da ta fara, ko gardamar gishirin miya aka yi a gidan nan sai mun ji abin da doka ta ce. Ran nan ta zo ta zauna a bakin gadona da wayarta, ta ce, "Kaka, zo ki ga irin mijinki a cikin Turawa." Hoton wani dattijo ne na ƙasar Holan, na zamanin da can, fuska a murtuke, wuyan riga ya shaƙe shi. Ta karanta min tarihinsa tana juya min da Hausa: an haife shi, ya karanta shari'a, ya yi alƙalanci, ya shiga majalisar ƙasarsu, ya rasu. Ko ruwan shayina bai huce ba ta gama.

Na ce, "To a gidan wa yake cin abinci?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tsufa ya fara taɓa ni. Na bar ta ta yi dariyarta. Ni na zauna da alƙali ɗan siyasa a ɗaki ɗaya, na san abin da ba ya shiga irin wannan tarihi.

Malam, mijina, Allah ya jiƙansa, abokin yayana ne tun suna yara a Gwange. Mu asalinmu masu kiwo ne, kakanmu ne ya gaji da bin ruwa ya shigo Maiduguri, Yaya kuma ya tashi da cinikin shanu. Malam ɗan malamai ne, siriri, mai yawan shiru. Yaya ƙato ne mai dariyar da ake ji daga bakin titi. Ban san abin da ya haɗa su ba, amma tare na gan su tun da na buɗe ido, hannu biyu a kwano ɗaya. Da Malam ya zo neman aurena ma, Yaya cewa ya yi dama ai ya cinye rabin hatsin gidanmu, gara a ba shi mai dafawar ya tafi da ita.

Muna zaune a unguwar Lamisula, da 'ya'ya biyu, aka naɗa shi alƙali. Ranar ina murna, na turara ɗaki, na ɗaura sabuwar lafaya. Ya shigo ya zauna a gefen tabarma, ya ce yana da magana. Ya ce daga yau ba zai ƙara cin abincin kowa a garin nan ba sai wanda na dafa. Biki ne, suna ne, walima ce, zai je ya yi addu'a ya taso. Na tambaye shi dalili. Ya ce ya san kansa, mutum ne mai kunya, idan ya ci tuwon wani, ranar da mutumin ya tsaya a gabansa ba zai iya kallon idonsa ya ce masa ba shi da gaskiya ba.

Na ce, "Allah ya taimaka." A raina na ba shi wata uku.

Ban san wanda na aura ba. Mutumin nan ya riƙe maganarsa har gashinsa ya yi fari, kuma ni ce na ɗauki nauyinta, wannan dai a rubuta shi. Ban taɓa yin tafiyar kwana da kwanaki hankali kwance ba. Ina jego ina ba da umarnin miya daga kan gado. Kullum da safe sai na cika masa kula, ya rataya a mota, ko kotu za shi ko ɗaurin aure. A wajen biki za ka gan shi zaune, hannaye cikin babbar riga, ana zagaye shi da tire kamar an kewaye kututture. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce tsoron sammu yake yi. Bai taɓa ba su amsa ba.

Yaya da farko ya ɗauka dokar ta mutanen gari ce, ban da shi. Juma'ar farko bayan naɗin, aka sauko daga masallaci, aka shimfiɗa tabarma a zaurensa kamar kullum, aka kawo biski da miyar kuka da danderu, naman nan da ake dafawa a hankali har ya saki ƙashi. Matar Yaya ta iya shi fiye da kowa a Gwange, kuma Malam yana son sa kamar me. Yaya ya daki tabarma a damansa ya ce, "Alƙali, bismillah." Malam ya zauna a bakin tabarmar, ya ce, "Alhamdulillahi."

An yi ta. Yaya ya ce ai ko da ƙararsa ta zo kotu, Malam ba zai saurare ta ba tunda surukinsa ne, to mene ne abin gudu? Malam ya nuna masa mutanen da ke zagaye da tiren, dillalai da masu motocin ɗaukar shanu, waɗanda rigimarsu ba ta ƙarewa. Ya ce duk wanda ya sa hannu tare da shi a nan zai fita ya ce shi da alƙali kwano ɗaya suke ci. Yaya ya ce to su shiga cikin gida su biyu. Malam ya ce wanda ya ga fitowarsa yana goge baki bai san da wa ya ci ba. Yaya ya yi tsaki, ya ce da ya san karatu haka yake mai da mutum da ya ɓoye masa allo tun suna yara.

Amma bai daina ajiye masa wuri ba. Kowace Juma'a gurbin nan na dama yana nan, ba mai zama. Kowace Juma'a Malam zai zo, a yi ta wushe-wushe, doguwar gaisuwar nan tamu ta Maiduguri, har a gaji, Yaya ya ce bismillah, shi ya ce alhamdulillahi, a ci abinci yana ba su hira. Ni ina cikin gida wajen matar Yaya, muna jiyo su. Da shekaru suka tura, sai na lura fushin Yaya ya juye ya zama alfahari. Akwai lokacin da Malam ya yanke hukunci a kan wani babban aminin Yaya, maganar wani bijimi da aka sayar da ciwo a ɓoye. Mutumin ya zo zaure yana kumfar baki. Yaya ya ce masa, "Ni da na ba shi ƙanwata ko loma ɗaya bai taɓa ci a gidana ba, kai wa kake da zai duba fuskarka?" Daga nan ya mai da ita abin faɗa a kasuwa. Idan baƙo ya tambayi gurbin wa ke nan, sai ya ce na mutum ɗaya ne a garin nan da ba a saye shi da miya ba. Wata rana kuma ya ce min, ranar da alƙali ya sauka daga kujera, shi zai yanka rago da hannunsa, su biyu su zauna su rama duk abin da ya wuce su. Yana faɗa idonsa na ƙyalli kamar yaron da aka yi wa alkawarin takalmin Salla.

Ga yadda abin ya lalace. Tun kafin Malam ya ajiye aiki 'yan siyasa suka fara sintiri a ƙofarmu. Suna son ya tsaya takarar majalisar jiha. Abin da suke sayarwa kuwa shi ne wannan hali nasa, mutumin da bai taɓa cin na kowa ba. Ni ban so ba, na faɗa masa kuma. Ya ce ya gaji da hukunta mutane da dokokin da wasu suka rubuta ba tare da sun san yadda ake zama a Gwange ba, yana so ya shiga inda ake rubutawa. Niyyarsa mai kyau ce, ban taɓa shakkar wannan ba.

Ya sauka daga kujera a farkon mako. Kashegari suka zo da mota suka ɗauke shi zagayen gaisuwa. Na cika masa kula kamar yadda na saba. Da la'asar ya dawo, na ɗauki kular zan wanke, sai na ji ta da nauyi. Na buɗe, tuwona yana nan yadda na kwashe shi.

Na ce, "Malam, lafiya? Azumi ka yi?"

Ya ce, "Na ci a Hausari."

Gidan wani jigon jam'iyya ne, mai unguwa guda a tafin hannunsa. An kawo shinkafa, mutane sun cika tsakar gida, na kusa da shi suka raɗa masa cewa idan ya ƙi ci a nan, an gama, za a ce har yanzu yana ƙyamar talakawa. Ya duba ya ga shi ba alƙali ba ne yanzu, ba abin da ya hana shi. Ya wanke hannu. Aka yi ta kabbara da tafi, wai alƙali ya buɗe baki.

Na ce, "Yaya fa?"

Ya ce, "Ai Juma'a tana zuwa." Har da ɗan murmushinsa. Wallahi bai ga komai a ciki ba. Mutumin da yake gano ƙarya a ƙiftawar idon mai shaida bai ga wannan ba.

Labarin ya riga shi isa Gwange, ba sai an faɗa ba. Ranar Juma'a ya sa sabuwar riga, ya ce min kada in dafa da shi. A hanya yana ta zancen danderu, yana tambaya ko hannun matar Yaya yana nan yadda ya sani. Na shige cikin gida, shi ya tsaya a zaure. An yanka ragon, tun kafin labarin Hausari aka saye shi. Aka kai tire, muka kasa kunne. Muka ji gaisuwa, muka ji ta ƙare, sai shiru. Yaya bai ce bismillah ba. A wajenmu kuwa ba a buɗe abinci a gaban mutum ba a ce masa bismillah ba, don haka bai buɗe ba. Tiren yana rufe a tsakiya, manyan mutane zagaye da shi da yunwa, kowa ya sunkuyar da kai, Malam zaune a gurbin dama da hannun riga a naɗe. Har aka kira la'asar. Ya warware hannun rigarsa, ya yi sallama ya fita. Aka dawo mana da tiren, man naman ya daskare.

Na samu Yaya a ɗakinsa, ina kuka ina faɗa, na ce ya wulaƙanta min miji a gaban jama'a. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, "Ƙanwata, shekara nawa ina ce masa bismillah yana ƙi, ban yi fushi ba, don na san ba ya cin na kowa. Na ɗauka ranar da zai ci, nawa zai fara ci. Ashe lomar farko ta mai ƙuri'a ce. Ni tawa ƙuri'ar dama tana aljihunsa, shi ya sa zan iya jira har Juma'a."

Na koma gida na juye wa Malam nawa fushin. Na ce ya je ya ba da haƙuri. Sai ya zauna yana warware min magana daki-daki: dokar da ya sa wa kansa ta kujera ce, kujera ta tafi, doka ta tafi, bai yi wa kowa alkawarin rana ba, saboda haka babu haƙƙin da ya danne. Na ce, "Malam, nan ɗakina ne, ba kotu ba ce." Duk da haka bai je ba.

Ya ci zaɓe, Gwange ma ta ba shi, kuma na san Yaya da kansa ya fitar da mutanensa suka yi layi. Shekarun majalisa ba su yi masa daɗi ba. Ana kawo magana sai ya ce a ji ta bakin ɗaya ɓangaren tukuna, 'yan jam'iyyarsa su ce shi wai na wane gefe ne. Ya samu ya gyara 'yan abubuwa, ba zan ce bai yi komai ba, amma da zango ya ƙare ba su sake ba shi takara ba, shi ma bai nema ba. Abin da ya samu a siyasa dai tumbi ne da ciwon ciki. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a kan girkin mace ɗaya, ga shi yana cin na gida biyar a yini, har na gidajen waɗanda ya taɓa ɗaurewa. Gida ɗaya ne kawai a Maiduguri da bai ci ba.

Bai fasa zuwa Juma'a ba kuwa. Yaya, don kada baƙinsa su riƙa kwana da yunwa, sai ya mai da cin abincin kafin masallaci. Malam zai tarar an share tabarma, su gaisa, su yi zancen ruwan sama da farashin shanu kamar mutanen da suka haɗu a tasha. Na yi dabara iri-iri. Na gayyaci Yaya gidanmu ranar sunan jika, ya zo ya yi addu'a, da aka kawo abinci ya sa hannaye cikin riga ya ce alhamdulillahi. Na ga Malam ya kau da kai. Na sha zama ni kaɗai ina tunanin abin. Lokacin da yake alƙali an so ya zama ba na kowa ba, da ya shiga siyasa an so ya zama na kowa, kuma duk biyun ya yi su da gaskiya. Yaya kuwa abin da yake so kawai a ce akwai abu ɗaya da aka ajiye masa shi kaɗai. Su biyun sun ba ni haushi, kuma su biyun nake tausayi.

Ana nan sai ciwo ya kama Yaya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Ƙaton mutumin nan ya koma kwance a kan katifa a zaure. Likita ya hana shi gishiri da mai da nama, sai kunu da fate mai ruwa. Hannun cin abincin ne ya mutu, shi kuma ya ƙi yarda a ba shi a baki. 'Ya'yansa su kawo cokali ya juya fuska bango. Matarsa ta yi lallashi ta yi kuka. Yana ta ramewa muna kallo, har na fara jin tsoron yunwa za ta riga ciwon.

Wata Talata da hantsi na dawo daga gidan Yaya, na tsaya a kan Malam yana karatu a tsakar gida. Ban yi masa faɗa ba, na gaji da faɗa. Na ce, "Abokinka zai mutu, kuma zai mutu ba ku ci abinci tare ba. Na faɗa maka don kada ka ce ba ka sani ba." Ya rufe littafin. Sai ya ce in samo mana keke.

Mun tarar matar Yaya durƙushe da kwanon fate, ta yi ta fama har ta haƙura. Malam bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya karɓi kwanon daga hannunta, ya zagaya ya zauna a daman Yaya, ya naɗe hannun riga. Ya ɗebi cokali guda ya kai bakinsa, ya haɗiye. Ya ƙara na biyu.

Yaya ya juyo da kai a hankali. Da kyar maganar ta fito, amma duk mun ji. Ya ce, "Wa ya ce maka bismillah?"

Malam ya ce, "Kai ka ce. Shekara da shekaru kana cewa. Yau nake amsawa, na makara, ka yafe min."

Ban taɓa jin kalmar nan daga bakinsa ba sai ranar. Ya ɗebi na uku ya miƙa wa Yaya. Cokalin ya tsaya a iska, fate na ɗiga a kan zanin gado. Yaya yana kallonsa, hawaye na bin gefen da ya karkace. Sannan ya buɗe baki.

Haka suka cinye kwanon, cokali ɗaya nasa, ɗaya na Yaya. Ni da matar Yaya muka shige ciki muka yi kukanmu a madafa. A keke muna komawa Lamisula, da muka kusa gida Malam ya ce, "Ba gishiri." Na ce likita ne ya hana. Ya ce, "Gobe kada ki dafa da ni."

Kullum sai ya je, har ranar da Yaya ya rasu, cikin damina. Duk abin da aka dama wa maras lafiya shi ne abincin Malam na rana, ya rame shi ma, tumbin siyasa ya tafi. Na gode wa Allah da suka samu wannan. Amma ba zan ɓoye ba, har yau abin yana ci min rai. Danderun da ya yi ta haɗiyar yawu a kansa daga bakin tabarma, da ragon da Yaya ya yi ta buri, ba su taɓa ci tare ba. Lokacin da suke da haƙora da lafiya, kujera ta hana, sannan zuciya ta hana.

Ranar sadakar bakwai matar Yaya ta dafa danderu, ta aiko mana da kula guda har gida, ta ce na Malam ne shi kaɗai. Na zuba masa, na ajiye a gabansa. Ya buɗe, turirin ya bugi fuskarsa, ya daɗe a zaune. Sannan ya mai da murfin ya rufe, ya ce a kai wa yara.